Ciwon hanyar ƙwai ga kajin gida: yadda ake gane shi da abin da ake yi

Daga cikin tambayoyin kiwo da masu sauraronmu ke aiko mana, ta kaza mai ƙwai tana yawan dawowa. Wata uwar gida za ta ce kazarta ta shiga akurki tun safe tana nishi, ƙwai bai fito ba. Wani zai ce tasa ta daina saka ƙwai, ciki ya kumbura, tana tafiya tana buɗa ƙafafu. Ƴan'uwa da ke ci-rani ma suna tambaya, don sau da yawa su ne suka aiko da kuɗin da aka sayi kajin. Shi ya sa muka tattara bayanin wuri guda. Kaza guda ba ta kai akuya ba, amma a gidaje da yawa ƙwanta ne kuɗin sabulu da na cefane, kuma ita ake kamawa a kai kasuwa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Yadda ƙwai ke samuwa

Duk wadda ta taɓa gyaran kaza mai ƙwai ta ga gungun gwaiduwa manya da ƙanana manne da ƙashin baya. Nan ne mafari. Gefen hagu kaɗai ke aiki, na dama yana shanyewa tun tana cikin ƙwai. In gwaiduwa ta nuna sai ta saku ta faɗa bakin wata doguwar hanya mai kama da hanji, tsawonta ya kai santimita 60 zuwa 70 ga kazar turawa da ke cikin saka ƙwai. A sashen farko mai tsawo ake lulluɓe ta da farin ƙwai, wajen awa 3. Daga nan a yi mata fatar nan mai laushi, awa guda da ɗan wani abu. Sai ta isa mahaifa inda ake gina ɓawo, kuma nan take daɗewa, kusan awa 20, galibi cikin dare. Duka aikin awa 24 zuwa 26 ne. Ƙofar da ƙwai ke fita ita ce kashi ke fita, wannan ya sa ƙazanta ke samun hanyar hawa ciki.

Ɓawon ƙwai kusan dukansa sinadarin kalsiyam ne, wanda ke gina ƙashi, kuma ƙwan kazar turawa guda yana ɗauke da wajen giram 2. In babu shi cikin abinci, kaza daga ƙashinta take zara. Hatsi da dawa da masara kuwa ba su da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kazar Hausa da ke saka ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta, sau 3 ko 4 a shekara, tana samun hutu, tana kuma tsintar ƙwari da tsakuwa a bayan gida. Kazar turawa da ke iya saka 250 zuwa 300 a shekara ba ta da wannan hutu. To in aka kawo ta gida aka tsare, aka riƙa watsa mata hatsi da dusa kamar ta gida, ita ce ta farko da za ta faɗi. Maja ma, in an tsare su, kusan haka abin yake. Yawancin abin da za mu faɗa a nan ya fi kama waɗannan, amma na gida ma ba su tsira ba, musamman tsofaffi da sagarar da ta fara ƙwai.

Kafin a ce ciwo ne

Ba duk kazar da ta daina ƙwai ce maras lafiya ba. Mai kwanci tana lafewa kan gurbi, ta hura gashi ta yi tsaki in an taɓa ta, amma idonta garau, in ta fito tana ci tana sha. Mai sauya gashi ma tana tsayawa na wasu makonni. Zafin Afrilu da Mayu na rage ƙwai. Ƙuma da kaskar kaji da ke ɓoye cikin tsagar bangon akurki, su fito da dare su sha jini, suna iya tsayar da ƙwai gaba ɗaya. Wani lokaci kuma tana sakawa, gurbi ta sauya, ko wani abu ne ke shanyewa.

A kama ta da yamma a duba. Mai saka ƙwai zankonta ja ne mai sheƙi, duburarta faffaɗa ce da danshi, kuma in an sa yatsu tsakanin ƙasusuwan nan biyu masu tsini da ke gefen dubura, yatsa biyu ko uku na shiga. Wadda ta daina, zanko ya ƙanƙance ya yi fari-fari, yatsa guda ne ke shiga da ƙyar. A shafa ƙirji: in ƙashin ya fito kamar wuƙa, ta daɗe tana ramewa, gashi ne ya rufe. Sannan a tallabi ƙasan ciki tsakanin ƙafafu, a hankali, a ji ko laushi ne, ko akwai abu mai tauri, ko ruwa ne ke motsi. Wannan taɓawar ita ce ke raba mana cututtukan.

Ƙwai ya maƙale

Wannan shi ne na gaggawa. Kazar tana shiga gurbi tana fitowa ba ƙwai, tana yunƙuri, wutsiya na sama da ƙasa. Daga baya ta tsaya a miƙe, gindi ƙasa, fukafukai a sake, ta ƙi abinci. Kashi ya ragu ko ya tsaya, wani lokaci ƙafa ta ƙi ɗaukarta don ƙwan ya danne jijiya. In an taɓa ana jin abu mai tauri zagaye dab da dubura. In kashi ba ya fita, tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Dalilinsa na farko ƙarancin kalsiyam, domin naman mahaifa ma da shi yake samun ƙarfin turo ƙwai. Akwai kuma ƙwai mai girma fiye da kima ko mai gwaiduwa biyu, da ƙwai maras ɓawo wanda mahaifa ba ta samun abin riƙewa ta turo, da ƙiba, da ƙishirwa, da sagarar da ta fara tun jikinta bai ƙosa ba.

Abin da za a yi a gida: a zuba ruwa mai ɗumi cikin roba, irin wanda ake yi wa jariri wanka, a zaunar da ita ruwan ya rufe ciki da gindi minti 15 zuwa 20. Yawanci tana natsuwa. A tsane ta da tsumma sosai, balle in lokacin ɗari ne, kada a fitar da ita jiƙe cikin iska. A wanke hannu, a yanke farce, a shafa man gyaɗa ko bazilin a yatsa da bakin duburar. Ana iya sa yatsa a hankali gaɓa ɗaya zuwa biyu, in an ji ɓawo a shafe shi da man. A ba ta ruwa, da ɗan garin ɓawon ƙwai cikin jiƙaƙƙiyar dusa in za ta ci. Sai a rufe ta cikin kwando wuri mai duhu, nesa da yara da zakara. In awa biyu ta wuce shiru, a sake. Da yawa suna sauka a karo na farko ko na biyu.

Kuskuren da ya fi kashe su shi ne matsa cikin da ƙarfi. Ƙwan na fashewa ciki, ɓawon ya yanki hanyar, ruwan ya ruɓe. Kada kuma a ɗura mata mai ko ruwa a baki da ƙarfi, yana bin hanyar numfashi. In an kwana bai fito ba, aikin ya koma na likitan dabbobi: shi ke da allurar kalsiyam, kuma in ƙwan na gani yana iya zuƙe ruwansa da sirinji ya fitar da ɓawon. In ya riga ya fashe, ana ganin gwaiduwa na ɗiga daga dubura, to a tsince ɓawon da ake gani, a wanke, a nemi magani a ranar.

Fitar baya

A nan ƙwai ya fita, amma jan nama ya biyo shi ya tsaya waje. Haɗarin ba daga naman kaɗai yake ba, daga sauran kajin ne. Kaza in ta ga ja sai ta sara, kuma cikin ɗan lokaci suna iya zaro hanjinta. Don haka abin farko, a ɗauke ta daga cikinsu nan take. A wanke naman da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. In ya kumbura a barbaɗa sukari ko a shafa zuma, a jira kamar minti 15, suna janye ruwan kumburin. Sai a shafa mai a mayar da yatsa sannu a hankali, a riƙe na ɗan lokaci. Yana iya sake fitowa, a sake mayarwa.

Maganinsa na gaske shi ne ta huta da ƙwai. A ajiye ta wuri mai duhu mafi yawan yini, kamar mako guda, a sauke ta daga abincin masu ƙwai zuwa hatsi kaɗan da ganye, ruwa kuwa kada ya yanke. A lura da ƙuda, suna yin tsutsa a wurin. In naman ya yi baƙi, ko an sare shi ya yage, ko yana fitowa duk ƙwan da ta saka, gara a yanka tun tana da nama.

Mu ɗan tsaya kan fitila. Tunda fitilun sola suka yawaita, wasu na barin haske cikin ɗakin kaji har safe wai don su ƙara ƙwai. Gaskiya ne haske ke tayar da ƙwai, masu gidan gona na ba su awa 14 zuwa 16 a yini. Amma in aka yi wa sagara haka kafin ta kai mako 18 zuwa 20, za ta fara jikinta bai buɗe ba, kuma daga nan fitar baya ke farawa. Haske har safe kuma yana sa su saran juna.

Ƙwai mai laushi, mai tsakuwa, mai tamoji

Ƙwai guda maras ɓawo daga sagara ko tsohuwa ba abin tashin hankali ba ne. In ya yawaita, a duba abinci. Abincin masu ƙwai na kamfani yana ɗauke da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100. Wanda ba ya saye, yana da abin yi a gida. A tara ɓawon ƙwai, a gasa shi kan wuta, a daka har ya daina kama da ƙwai don kada su koyi fasa nasu. Ƙashin mahauta a ƙone a daka. Ɓawon katantanwa ma haka. Akwai kuma dakakken farin dutse irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, masu sayar da abincin kaji na da shi. A zuba cikin wani kasko dabam, mai bukata za ta ci da kanta, kuma ɓarzajje ya fi gari, don yana daɗewa cikin ƙundu har dare lokacin da ake gina ɓawo. Siminti kansa ko farar da ake shafen bango ba abin ba kaza ba ne. Kanwa kuma, da wasu ke jiƙawa, ba ta gina ɓawo. Su riƙa samun hantsi, kazar da ba ta ganin rana ba ta iya amfani da kalsiyam ɗin ko an ba ta.

Cikin bazara ɓawo na yin sirara ko abinci ya cika, saboda hakin da kaza ke yi yana rage abin da jini ke kai wa mahaifa, kuma ba ta ci sosai. Inuwa, ruwan randa mai sanyi sau da yawa, da ba da abinci da sassafe da yamma lis, su ne maganin. Tunkuza ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, gubarta na lalata hanta ta rage ƙwai.

Amma in kaji da yawa suka lalata ƙwai lokaci guda, mai yiwuwa ba abinci ba ne. Ƙwai mai tamoji, farinsa tsararo kamar ruwa, tare da atishawa da ƙarar maƙogwaro, alamar wata murar kaji ce mai taɓa mahaifa. In ta kama ƴan tsaki mata tana iya lalata hanyar har abada: kaza ta girma, zanko ja, tana shiga gurbi, ba za ta taɓa saka ƙwai ba. In kuma akwai koren zawo, murɗewar wuya da mutuwa, annobar Niyukasal ce, wadda ke share garuruwa lokacin ɗari. Ba ta da magani sai rigakafi, ko allurar ITA-New ko I-2 da ake ɗigawa a ido, kuma kafin sanyi ya shigo ake yi, ba bayan ta shiga gari ba. In mutuwar ta zo farat ɗaya, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, a tuna da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya cikin 2006. Wannan kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Ruɓa a hanyar ƙwai, da ƙwan da ya faɗa ciki

Waɗannan su ne masu wuyar ganewa, don a ɓoye suke tafiya. Ƙwayoyin cuta daga kashi na hawa hanyar ƙwai, balle in gurbi da ƙasan akurki a jiƙe suke da ƙazanta. Mugunyar kaza ba ruwa ba ce kamar tamu, daskarewa take kamar cuku. Wata rana sai a tarar da wani dunƙule cikin gurbi, kamar dafaffen ƙwai ko guntun nama, in an yanka shi hawa-hawa ne kamar albasa, da wari. Wannan mugunya ce, kuma in ta fito ciwon ya daɗe. Gashin gindi na ɓaci da farin ruwa, ƙwai ya ragu ko ya riƙa zuwa da jini.

Ɗaya kuma, gwaiduwa ce ke kuskure bakin hanyar, ko ta komo da baya, ta faɗa cikin ciki tsakanin hanji. In guda ce kuma ba ƙwayar cuta, jiki na iya shanye ta. In ta yi ta taruwa ta ruɓe, ciki ya kumbura ya yi zafi, kaza ta riƙa tsayawa a miƙe kamar mai maƙalallen ƙwai, tana numfashi da ƙyar, kashi rawaya. Bambancinsu a nan yake: maƙalewar ƙwai yau ta fara, kuma ana jin tauri zagaye dab da ƙofa. Wannan kuwa makonni take ɗauka, ƙirji ya rame, ciki ya yi tulu, in an taɓa ko ruwa ko kamar ƙullu. Wankan ruwan ɗumi ba ya yi mata komai.

In an gano da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya zaɓa, aka ba da cikakken kwanakinsa, yana iya ceton ranta. Mu faɗi gaskiya dai: kaɗan ne ke komawa saka ƙwai kamar da. A Turai ana yi musu tiyata ko a sa musu maganin tsayar da ƙwai ƙarƙashin fata, don can wasu kamar kyanwa suke riƙon kaza. A nan kuɗin ya ninka kuɗin kazar sau da yawa. Zuƙe ruwan ciki da sirinji na sauƙaƙa mata numfashi, amma yana dawowa. Kazar da ta haura shekara 2 zuwa 3, musamman tsofaffin kajin gidan gona da ake saidawa da araha bayan sun gama, tana iya zama da ciwon daji a gungun ƙwai, alamunsa iri ɗaya ne kuma ba ya da magani. Mai sayen irin waɗannan don su ci gaba da ƙwai, ya taɓa cikin kowace kafin ya biya.

In aka yanka aka tarar da ciki cike da ruwa mai wari, ko daskararriyar gwaiduwa manne da hanji, ko ƙulle-ƙulle farare a hanta da hanji, ba a cin naman. A haƙa rami mai zurfi a rufe, kada kare ya tone. Duk da haka buɗe cikin kazar da ta mutu ita kaɗai yana da amfani, a sa leda a hannu, a ɗauki hoto da salula a nuna wa ma'aikacin kiwo, don abin da aka gani shi zai ceci sauran. In gwaiduwar cikin ta yi baƙi-baƙi ta motse, hanta ta kumbura ta yi kore-kore, kuma ƴan tsakinta na mutuwa da farin kashi manne a gindi, ana zargin cutar da ke bin ƙwai daga uwa zuwa ɗa. Irin wannan ba a sa wa wata kaza ƙwanta.

Batun magani

Mun san abin da ake yi: a sayi kafso ja da rawaya wurin mai talla, a fasa cikin ruwan sha, kwana biyu a daina. Ba ya fitar da maƙalallen ƙwai, ba ya gina ɓawo, ba ya taɓa Niyukasal. Abin da yake yi shi ne koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma ragowarsa na fita cikin ƙwan da yara ke ci. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin diklofenak, suna lalata ƙodar tsuntsu. Kowane maganin dabbobi na ƙwarai yana da kwanakin jira a rubuce, da Faransanci délai d'attente ko temps d'attente, wato kwanakin da ba a cin ƙwai ko nama bayan an gama. Wasu ma an rubuta ba a ba kaza mai ƙwai sam. Wanda bai iya karatu ba ya sa mai sayarwa ya karanta masa. Ƙwan kwanakin nan ba a ci ba a saidawa.

Wurin neman taimako shi ne ofishin kiwo na komin ko na gunduma, ko likitocin dabbobi masu zaman kansu na tsarin SVPP da mataimakansu na ƙauyuka, cikinsu har da mata masu yi wa kaji rigakafi. In za a kira, a riƙe amsar waɗannan: shekarun kazar da irinta, yaushe ta saka ƙwan ƙarshe da kamanninsa, me take ci, kalar kashinta, ita kaɗai ce ko da wasu, da ko an shigo da sabuwar kaza daga kasuwa kwanan nan. Ɗan bidiyo na tsayuwarta da tafiyarta ta WhatsApp ya fi dogon bayani.

Ga ƴan'uwa da ke waje masu aiko da kuɗi a sayi kajin turawa don iyaye su samu abin yi, a raba kuɗin tun farko: na kaji, na abincin masu ƙwai har su fara biyan kansu, da na rigakafi. Kaji 10 da abincinsu sun fi 30 da za a riƙa watsa wa hatsi. A tanadi gurbi guda ga kowace kaza 4 ko 5, da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa da ake sauyawa, sabuwar kaza kuma ta yi mako 2 a ware kafin ta shiga cikin sauran.